Numfashi uku

Tun daga ƙarshen 2018 barci ya ƙaurace wa babban ɗan wani gida da ke bakin unguwar Kara-Kara, can inda duwatsun Damagaram ke haɗiye zafin rana su yi ta amayar da shi har tsakar dare. Ƙannensa Yaya suke ce masa, kuma wannan suna ya ishe shi a nan. Yakan kwanta a zaure bayan lisha kamar kowa, amma da ƙarfe biyu ta yi sai a ji ya zabura, hannuwa a dunƙule, riga sharkaf da gumi, yana haki kamar wanda ya sha gudu. Uwarsa ta karɓo rubutu, ta yi hayaƙi, ta kai shi likita aka ba shi ƙwayoyin da suka nauyaya masa kai da rana ba tare da sun kawo barcin dare ba.

Shekara uku ya yi a Aljeriya, a birnin Oran, yana ɗaukar siminti da yashi a wuraren gini. Wata safiya aka yi wa wurin aikinsu ƙawanya, ba a bar kowa ya koma ɗaki ɗaukar riga ko karɓar kuɗin aikinsa ba. Aka yi kudu da su har Tamanraset, daga nan aka loda su a manyan motoci zuwa Asamaka, garin farko na Nijar. Da yake ɗan ƙasa ne, yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka ƙulla a 2014 ta sa mota ta kawo shi har gari. Ƴan Gine da ƴan Mali kuwa a wani fili da ake kira Point Zéro ake sauke su, su tako kilomita 15 cikin rairayi. Ya ga isowarsu da idonsa. Kuma abin bai tsaya ba, domin ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga fiye da mutum 30,000 da aka koro ta wannan hanya a 2024 kaɗai.

Duk wanda ya ji wannan zai ɗauka ƙishirwar hamada ce ke tada shi cikin dare. Abin da ke tada shi ya fi haka ƙanƙanta. Wata rana a motar haya ta cikin Oran ya tashi ya ba wata dattijuwa kujerarsa, kamar yadda aka tarbiyyantar da shi. Matar ta ciro hankici, ta goge kujerar a hankali, lungu da saƙo, sannan ta zauna. Ba ta harare shi ba, babu ko fushi a fuskarta. Yi ta yi kamar mai share ƙura. Yaran da ke binsa suna kiran kahlush, wato baƙi, ya saba da su. Akwai ma wani tsoho mai gidan burodi da ke ajiye masa rabo kowace maraice yana kiransa ɗansa, kuma Yaya bai taɓa mantawa da shi ba. Amma hankicin ne ke dawowa da ƙarfe biyu.

Bai faɗa wa kowa ba. Wanda ya dawo daga arewa hannu rabbana tambaya ɗaya yake karantawa a idon mutane, ita ce ina tsaraba, don haka ba ya ƙara wa kunyar talauci kunyar labarin hankici. Sau ɗaya ya fara buɗe baki gaban wani kawunsa, bai kai rabin zance ba aka tare shi da abin da ake tare kowa da shi: «Yi haƙuri, kowa da ƙaddararsa.» Haƙuri babbar dukiya ce, da ba don shi ba da ƙasar da ke jiran damina wata tara ba ta zaunu ba. Sai dai kalmar tana da wani aiki na biyu da ba a cika faɗa ba, wato murfi ce. Sau da yawa mai cewa a yi haƙuri kansa yake ceto daga nauyin saurare.

Autar gidan ita ce ta yi nisa a boko. Ta ci jarrabawar bak, ta yi jami'ar Damagaram, ta samu tallafin ƙaro karatu a Bordo, ƙasar Faransa. Ita ma ta ɗanɗani nata rabo, a cikin ladabi irin na can: ɗakin haya da ake cewa yana nan a waya, da ta iso aka ga fuskarta da ɗankwalinta sai a ce yanzun nan wani ya kama. Wata ƙawarta ƴar tsibirin Martinik, ganin yadda ta rame ta daina fita, ta ja ta zuwa wani wuri a gabas da Bordo mai suna Village des Pruniers, wanda wani sufin addinin Buddha ɗan Biyetnam, Thich Nhat Hanh, ya kafa a 1982. Shi ne mutumin da ya sadu da Martin Luther King a 1966, har King ya ba da sunansa a 1967 don a ba shi kyautar Nobel ta zaman lafiya. Ya rasu a 2022.

Da fargaba ta shiga, da dardumarta a jaka, ta ƙudurta ba za ta sunkuya wa mutum-mutumi ba. Babu wanda ya nemi ta yi. Ta yi sallolinta a kan lokaci a gefen lambu. Abin da aka koya mata bai taka kara ya karya ba a ido: mutum ya zauna, ya miƙe baya, ya bi numfashinsa yana shiga yana fita, in tunani ya ɗauke shi ya lura ya dawo ba tare da ya zagi kansa ba. Akwai ƙararrawa da ake bugawa lokaci-lokaci, da an ji ta kowa sai ya tsaya cik, mai tafiya da mai wanke-wanke da mai magana, a ja numfashi uku sannan a ci gaba. Wannan ya yi mata daɗi, amma ba shi ya taɓa ta ba.

Abin da ya taɓa ta ya faru ne wata maraice da baƙaƙen da ke wurin, su kamar goma, suka keɓe suka yi da'irarsu. Dokar zaman guda ce. Mai son magana ya yi alama ya faɗi abin da ke ransa, in ya gama a yi shiru. Ba mai ba shi amsa, ba mai ba shi shawara, ba mai cewa wataƙila bai fahimci mai gidan hayar ba ne. Auta ta ba da labarin ɗakunan hayar cikin murya mai rawa, ta gama, ta jira a ce mata wani abu. Ba a ce ba. Mutum tara suka ja numfashi tare da ita, sannan wata ta fara nata. Ta ce a ranta, tun da ta zo duniya ba a taɓa barin maganarta ta sauka ƙasa ta zauna ba sai ranar.

Irin wannan keɓewa a Amurka ta yi ƙarfi. Lokacin da zaman nutsuwa irin na mabiya Buddha ya bazu can bayan 1960, galibin masu zuwa cibiyoyinsa Turawa ne masu hali, kuma baƙar fatar da ya shiga yakan tarar shi kaɗai ne a zauren. In ya ce zuciyarsa cike take da fushi saboda yadda ɗan sanda ya tsare shi a hanya, sai a ce masa cikin tattausar murya ya saki fushin, ai duk mutane ɗaya ne. Wato a can ma an samu yadda ake cewa «yi haƙuri». Jan Willis, wadda aka haifa a Alabama a 1948, wadda ƴan Ku Klux Klan suka ƙona gicciye a ƙofar gidansu tana budurwa, ta kai matsayin da za ta zaɓa tsakanin shiga ƙungiyar Black Panthers da tafiya Nefal neman ilimi gun wani malami ɗan Tibet. Ta zaɓi Nefal, ta dawo ta zama farfesa, kuma tana cikin waɗanda suka dage cewa zaman da ba ya iya ɗaukar zancen bauta da wariyar launin fata bai isa ya warkar da jikokin bayi ba. A 2007 aka buɗe East Bay Meditation Center a birnin Okland, inda ba a yanka kuɗin shiga, kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa, kuma aka ware zama na mako-mako ga waɗanda ba Turawa ba. Bayan da George Floyd ya mutu a 2020 ƙarƙashin gwiwar ɗan sanda yana faɗin ba ya iya numfashi, ba a buƙaci dogon bayani ba kan dalilin da zai sa baƙaƙe su taru a ɗaki don kawai su yi numfashi.

Akwai masu cewa ware da'ira bisa launi ai ita ma wariya ce. Hujjar tana da kyan gani a takarda. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma wanda aka goge kujera bayansa yakan ƙare ƙarfinsa wajen tabbatar wa mai saurare cewa abin ya faru da gaske, cewa ba ƙura ce a kujerar ba. A cikin waɗanda aka yi wa irinsa, wannan wahala ta faɗi, ya fara daga inda ciwon yake.

Mabiya Buddha suna da abin kafa hujja a tarihinsu. Littattafansu sun ruwaito cewa wasu ƴaƴan sarauta sun zo shiga jama'ar sufaye tare da wanzaminsu mai suna Upali, aka fara karɓar wanzamin, don haka bisa dokar jama'ar dole ƴaƴan sarakin su riƙa gaishe shi a matsayin na gaba. Bahaushe ba ya buƙatar a fassara masa nauyin wannan. Kuma ranar 14 ga Oktoba 1956, a Nagpur ta Indiya, Ambedkar, jagoran rubuta tsarin mulkin ƙasar, wanda yana yaro ba a yarda ya taɓa randar makaranta ba saboda asalinsa, ya shiga addinin Buddha tare da dubban ɗaruruwan mutanensa don su fita daga ƙasƙancin gado. Sai dai Musulmin da ke karanta wannan yana da tambaya, kuma tana bisa hanya: ina labarin Rohingya? A 2017 fiye da mutum 700,000 suka tsere daga Miyanma zuwa Bangladash, kuma cikin masu hura wutar ƙiyayyar har da sufaye masu jan mayafi. Iya zama shiru bai taɓa hana kowa zalunci ba. Auta ta san haka, kuma ba addini ta ɗauko daga lambun nan ba. Doka ɗaya ta ɗauko.

Da hutun damina ta zo gida ta tarar da Yaya ya faɗa, idanu sun zurma, yana wuni wajen matasan da ke ɗaga ƙarfe. Waɗannan su ne ƙungiyoyin da ake kira pale, masu motsa jiki da ƙarafan mota da simintin da aka daskarar a gwangwani, waɗanda Aïcha Macky, ɗiyar garin, ta nuna wa duniya a fim ɗinta mai suna Zinder a 2021. Daren na uku, da ta ji ya zabura, ta fito ta zauna a bakin zaure.

«Yaya, in nuna maka wani abu? Ka zauna kawai, ka bi numfashinka. In ya shiga ka san ya shiga.»

Ya dube ta, ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. «Auta, duk karatun da kika yi, shan iska kika koyo? Ai na sha ta Sahara, ta ishe ni.»

Mahaifinsu, wanda ke zaune da carbi a tsakar gida yana jiran asuba, ya ji su. Baduku ne, ɗan Tijjaniyya tun yana saurayi. Ya sa ta maimaita masa bayanin, ya yi shiru, sannan ya ce, «Ɗiyata, wannan ai ba baƙo ba ne. Ƴan Ƙadiriyya suna da zikirin anfasu, da numfashi ake yin sa. Mu ma in an shimfiɗa farin ƙyalle an zauna wazifa, me kike tsammani ƙirji yake yi?» Gaskiya ya faɗa, ko da yake tushen abubuwan biyu ba ɗaya ba ne, tun da mai zikiri Ubangijinsa yake ambato. Istigfari 30, Salatil Fatihi 50, hailala 100, Jauharatul Kamali 12, murya ɗaya, gwiwa na gugar gwiwa: duk wanda ya taɓa zama a wannan da'ira ya san yadda kafaɗu ke sauka kafin a shafa. Damagaram ba ta jira kowa ya zo daga Asiya ya koya mata nutsuwa cikin jama'a ba.

«To Baba, don me ba ku tafi da Yaya?»

Tsohon bai amsa ba, ya ci gaba da jan carbi. Yaya ne ya amsa daga cikin duhu: «Tambaye shi wa ke zama a damansa.»

Wanda ke zama a daman mahaifin nasu shekara ashirin, suna karɓa wa juna salati, shi ne mutumin da Yaya ya nemi ɗiyarsa a 2014. An karɓi masu neman auren da fara'a, aka ce a ba su lokaci su yi bincike. Binciken ya gano abin da duk gari ya sani: kakan yaron kuturu ne, shi ya sa ma gidan yake Kara-Kara, unguwar da aka tanada don kutare da sauran waɗanda gari ba ya son gani. Ba a faɗi kalmar ba. Cewa aka yi an riga an yi wa yarinyar miji. Kuturta ba gadonta ake yi ba, ƙwayar cuta ce, maganinta yana warkarwa cikin wata 6 zuwa 12, kuma tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke raba shi kyauta. Jikan yana da yatsunsa goma cif, masu ɗaga buhun siminti. Duk da haka a wannan shekarar ya fara tara kuɗin mota, da tunanin cewa dukiya za ta wanke abin da lafiya ta kasa wankewa. Ashe tun kafin Oran an taɓa goge kujera bayansa, da yaren uwarsa.

Laifi tudu ne. Hanyar da ƴan ci-rani ke bi yau ta Agadas ita ce ayarin Damagaram ya bi a ƙarni na 19 zuwa Gat da Tarabulus, ɗauke da fatu da gashin jimina da mutane. Baturen Ingila James Richardson, da ya sauka garin a 1851, ya rubuta yadda ya ga an shigo da kamammu daga hari, kuma ƙarfin da daular ta yi zamanin Sarki Tanimun, mai ganuwa da igwa, wanda ya rasu a 1884, ba a raba shi da wannan ciniki. Kalmar bawa da ake jifan baƙo da ita a titunan Sabha tana da saiwa a kasuwannin kudu, inda aka yi cinikin. Nijar ta sanya hukuncin ɗauri kan bautarwa a 2003, kotun CEDEAO ta ba Hadijatou Mani gaskiya a 2008, ƙungiyar Timidria tana fafutuka tun 1991. Amma doka ba ta shiga ɗakin da tsofaffi ke binciken asali kafin aure, inda har yau ake auna ɗa da bawa, da mahauci, da wanzami, da jikan kuturu. Sahun salla yana daidaita kafaɗu, kuma da gaske yake yi. Matsalar tana farawa ne a bakin ƙofa, wajen sa takalma.

Auta ba ta ƙara yi masa zancen numfashi ba. Labarin da'irar nan ta ba shi, da dokarta, ta haɗa da labarin ɗakunan haya, wanda ko uwarsu ba ta sani ba. Ya saurara har ƙarshe. Ya buɗe baki, ta ga kalmar haƙuri ta taso masa, sai ya haɗiye ta. Suka zauna haka har aka kira assalatu.

A ƙofar gidan akwai fada, irin wadda ke kowane lungu na garin: tabarma, ɗan murhun gawayi, butar shayi, samari suna kashe dare. Biyar daga cikin masu zama nan sun taɓa zuwa arewa, biyu Aljeriya, uku Libiya, kuma ba su taɓa zancen ba sai ta fuskar barkwanci. Wani daren Alhamis, da sauran suka watse, Yaya ya kawo dokar cikin raha, wai ga abin da Auta ta koyo a Turai. Aka yi dariya. Wani ya ɗauki cokali ya buga a kofin shayi ya ce ga ƙararrawar. Aka sake dariya, aka ja numfashi uku da wasa. Shirun da ya biyo baya ya fi yadda aka zata tsawo, har wanda ya fi kowa ƙiriniya a cikinsu ya fara magana yana kallon gawayi. Ya faɗi wani gida a Sabha inda aka tsare su, yadda ake kiran iyaye a waya lokacin da ake dukan mutum don su ji su aiko kuɗi, da gonar da ubansa ya sayar. Da ya gama, wani ya fara cewa «Sai ha…», Yaya ya ɗaga masa hannu. Aka bar maganar a tsakiyar tabarma.

Auta tana jin su ta bayan katanga, domin fada ba wurin zaman mace ba ne, ko da ita ta kawo dokar. Wannan ma abin dubawa ne. Cikin mutum 92 da aka tsinci gawarwakinsu a hamada kusa da iyakar Aljeriya a Oktoban 2013, mafi yawa mata ne da yara daga yankin Kance, kuma ƴan'uwansu da suka je suka dawo ba su da tabarmar da za su zauna a ƙofar gida da dare. Abin da suka gani yana fita ne a bakin rijiya, gutsure-gutsure, ko ya fita a matsayin ciwon kai da ba a gano masa dalili.

Ba a ce fadar ta zama asibiti ba. Ɗaya daga cikin biyar ɗin ya tashi cikin fushi a zama na biyu ya ce shi ba zai zauna ana tonon asiri kamar mata ba, bai kuma dawo ba. Wani maƙwabci ya kai ƙara gun mahaifin cewa yara suna wani abu mai kama da bidi'a da cokali. Tsohon ya ce shi dai ya leƙa, shayi ya gani. Yaya sai a mako na huɗu ya faɗi labarin hankicin, cikin jimla uku, yana jin kunyar ƙanƙantarsa kusa da gidan Sabha. Ba wanda ya yi dariya. Wanda aka daka a Sabha ne ya sunkuyar da kai ya daɗe bai ɗago ba.

A watan Satumba Auta ta hau motar Yamai. Zaman Alhamis ya ci gaba da mutum uku, wani lokaci huɗu, har iskar hunturu ta fara, sannan ɗaya ya sayar da babur ɗinsa ya nufi Agadas, domin numfashi ba ya sayen hatsi. Yaya ma yana da gwangwanin da yake tara kuɗin mota a ƙarƙashin tabarma, bai ƙara a ciki ba tun damina, bai kuma taɓa abin da ke ciki ba. Yana zabura har yanzu, amma ba kullum ba. Ranar wata Juma'a uwarsa ta fito da buta ta same shi a zaure, baki buɗe, hannu ɗaya a shimfiɗe bisa ƙasa. Ladan ya yi kiran farko. Ta tsaya a kansa da butar a hannu, sannan ta koma ciki a hankali ta jira na biyu.